Shawarar Lauya Kafin Ƙetare Iyaka: Jawabi ga Masu Sababbin Kamfanonin Fasaha



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a ja hankalin matasan ƙasar nan da suka kafa sababbin kamfanonin fasaha, da iyaye da 'yan uwan da suka ba su jari, da attajiran da ke sha'awar sa hannu cikin irin wannan sana'a, game da wani al'amari da ake yawan sakaci da shi, watau neman shawarar lauya kafin a kai harka wata ƙasa. Kamfanonin da ake nufi su ne masu ƙera manhajar kwamfuta ko ta wayar hannu, waɗanda ke aika kuɗi, ko ba da rance, ko sayar da kaya, ko haɗa manomi da mai saye, ko koyar da karatu ta hanyar intanet.

Ba wanda zai musa cewa akwai arziki a wannan fage. A shekarar 2015 wasu matasa biyu suka kafa kamfanin Paystack a Legas domin sauƙaƙa biyan kuɗi ta intanet, kuma cikin watan Oktoba na 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200. A ranar 19 ga Oktoba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta tanadi gata ga sababbin kamfanonin fasaha, aka kuma ɗora wa hukumar NITDA aikin gudanar da ita. Duk wannan ya ƙara wa matasa ƙwarin gwiwa, har da yawansu sun fara hangen kasuwannin ƙetare.

To, a nan ne ake samun ruɗu. Manhajar da aka ƙera a Kano ko Kaduna, in aka sa ta a intanet da hantsi, kafin azahar mutumin Kumasi ko Nairobi ko Landan yana iya buɗe ta, ba kwastan, ba shinge. Sai mai ita ya ɗauka cewa yadda manhajar ta ƙetare haka takardunsa suka ƙetare. Alhali kuwa rajistar da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta yi masa, da lasisin da Babban Bankin Nijeriya ya ba shi, da tambarin da ya yi wa rajista a Abuja, duk iyakarsu Jibiya da Illela da Seme da Gamboru. Daga nan gaba dokar wasu ce ke aiki.

DARASI DAGA FATAKE

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka gaji fatauci. Ayarin da kan tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro yakan yi watanni a hanya, yana ratsa ƙasashen sarakuna dabam-dabam, kowane da nasa fito da tasa gaisuwa. Madugu shi ne ya san abin da ake biya a kowace mashiga, shi ke kuma yin ciniki da masu ƙasa a madadin ayari. In an isa Salaga, ba a kwance kaya a kasuwa kai tsaye. Fatoma ake nema, watau mai masauki, wanda ya san harshen gari da al'adarsa, ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, in rigima ta tashi kuma shi zai tsaya wa baƙonsa gaban mahukunta. Sun san baƙo ko da ido makaho ne.

Da zamanin takardu ya zo, waɗanda suka raina su sun ɗanɗana kuɗarsu. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. 'Yan Nijeriya da yawa, har da waɗanda suka yi shekaru aru-aru suna kasuwanci lami lafiya, suka karyar da dukiyarsu ko suka bar ta, suka dawo gida hannu rabbana. A 1983 Nijeriya ma ta yi wa baƙinta irin wannan kora. Mai kamfanin fasaha na yau bafatake ne, sai dai hajarsa ba a kan jaki take ba. Lauyansa na gida shi ne madugu, lauyan ƙasar da zai shiga kuwa shi ne fatoma.

IZININ YIN SANA'A

Abu na farko da za a tambayi lauyan can shi ne: wannan sana'a tana bukatar lasisi a ƙasarku? Akasarin kamfanonin fasaha na Nijeriya da suka yi fice harkar kuɗi suke yi, kuma ba ƙasar da ke barin wani ya taɓa kuɗin talakawanta ba da izininta ba.

Abin da ya faru a Kenya ya isa misali. A watan Yuli na 2022 babbar kotu a Nairobi ta ba da umurnin a riƙe kuɗin da ya haura dala miliyan 50 a asusun kamfanin Flutterwave da wasu kamfanoni, bisa buƙatar hukumar ƙwato dukiya ta ƙasar, wadda ta yi zargin halatta kuɗin haram. Kamfanin ya musanta zargin. Cikin watan nan kuma Babban Bankin Kenya ya bayyana cewa kamfanin ba shi da lasisinsa, ya umurci bankuna su daina hulɗa da shi. A 2023 hukumar ta janye ƙararrakinta, ba a kama kamfanin da laifi ba. Amma a lura, Flutterwave kamfani ne da aka ƙiyasta darajarsa a kan fiye da dala biliyan 3 a farkon 2022, yana da ƙarfin ɗaukar lauyoyi da jure watannin da kuɗin ya yi a ɗaure. Ƙaramin kamfani mai ma'aikata goma sha biyu, in aka rufe masa asusu wata uku, sai dai a yi masa ta'aziyya, ko da daga baya kotu ta wanke shi tas.

Maƙwabta na kusa ma haka abin yake, har ya fi rikitarwa. Mutumin Katsina yana ganin Maraɗi gida ce, harshe ɗaya, dangi ɗaya, auratayya ba iyaka. Duk da haka mai son yin harkar biyan kuɗi a Jamhuriyar Nijar izinin Babban Bankin Ƙasashen Afirka ta Yamma, BCEAO, mai hedkwata a Dakar, zai nema, kuma a 2024 bankin ya fito da sabuwar ƙa'ida wadda ta wajabta wa irin waɗannan kamfanoni mallakar lasisi. In ya juya zuwa Cadi ko Kamaru, wani babban bankin ne dabam, BEAC, mai hedkwata a Yawunde, da nasa dokokin musayar kuɗi masu tsauri. Sefar Yamai da sefar Injamena sunansu ɗaya, darajarsu ɗaya, watau sefa 655.957 a kan yuro 1, amma kuɗi biyu ne na bankuna biyu, kuma lasisin wannan yanki bai aiki a wancan.

Wasu sukan ce, to ina amfanin ECOWAS? Gaskiya ne an kafa ƙungiyar a Legas a 1975, kuma yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa cikinta damar shiga wata ba biza har kwana 90. Izinin shiga ke nan, bai zama lasisin banki ba. Banda wannan, a ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar, ko da yake ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da zirga-zirga da ciniki kamar da, har sai an daidaita. Haka nan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a Yamai cikin Yuli 2019 aka kuma buɗe ciniki ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu 2021, an ƙara mata babin cinikin intanet a 2024. Alheri ne babba, amma ba ta soke ikon da kowace ƙasa ke da shi na ba da lasisi ko hanawa ba.

Akwai kuma batun yawan jarin da ake bukata daga baƙo. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta gindaya cewa baƙon da ya haɗa gwiwa da ɗan ƙasa ya kawo dala 200,000, wanda zai mallaki kamfani shi kaɗai dala 500,000, mai saye da sayarwa kuwa dala miliyan 1. Da wannan doka aka kafa hujja wajen rufe shagunan 'yan Nijeriya a can a 2019 da 2020. A 2025 gwamnatin Gana ta sanar da niyyarta ta sassauta waɗannan sharuɗɗa. Wannan kaɗai ya nuna cewa labarin da aboki ya bayar shekara uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne. Doka tana canzawa, wanda ke zaune a wurin shi ya san inda ta kwana.

DOKAR ƘASASHE RENON FARANSA

Nijeriya da Gana da Kenya sun gaji tsarin shari'ar Ingila, inda hukuncin da manyan alƙalai suka yanke a baya yake zama abin bi. Ƙasashen da suka kewaye Nijeriya kuwa, Benin da Nijar da Cadi da mafi yawan Kamaru, tsarin Faransa suka gada, inda kundin doka rubutacce shi ne kan gaba. Kwangilar da lauya ya tsara a Abuja, a fassara ta zuwa Faransanci a ce an gama, kuskure ne da kan jawo asara.

Sai dai akwai wani sauƙi da 'yan kasuwa da yawa ba su sani ba. Tun 1993 waɗannan ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar daidaita dokokin kasuwanci mai suna OHADA, wadda ƙasashe 17 ke ciki. Dokar kafa kamfani, da ta jingina, da ta karɓar bashi, da ta karyewar arziki, iri ɗaya ce daga Dakar har Duwala, kuma kotun ƙoli guda ce ke yanke hukuncin ƙarshe a kansu, tana zaune a Abijan. Wanda ya fahimci yadda ake kafa kamfani a Kwatano ya kama hanyar sanin na Yamai. Ga kuma wani tarko a ciki: kamfanin waje da ya buɗe reshe kawai, dokar ta ba shi shekara 2 ya mai da reshen cikakken kamfani na ƙasar, sai fa in ya sami sassauci daga ministan ciniki. Haraji da dokar ƙwadago kuwa, kowace ƙasa da nata.

UWAR KAMFANI A AMURKA

Wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne matasa suka fi sa hannu a takardar da ba su karanta ba. Masu zuba jari na ƙasashen waje sukan ce ba za su sa kuɗinsu ba sai an kafa uwar kamfani a jihar Delaware ta Amurka, ko a Ingila ko Moriishas, sa'an nan kamfanin Nijeriya ya koma ƙarƙashinta. Suna da dalilinsu: Delaware tana da kotu ta musamman mai shari'ar kamfanoni, kuma sun saba da dokokinta. Ba laifi ba ne a yi haka. Yin rajistar ma ba wuya, ana gamawa ta intanet cikin 'yan kwanaki. Abin da ke biyo baya shi ne aikin.

Daga ranar da aka kafa uwar kamfanin ta zama ɗiyar Amurka, gwamnatin tarayyar can tana da haraji na kashi 21 cikin ɗari a kan ribarta. Jihar Delaware kuma tana karɓar nata kuɗin shekara-shekara, wanda wa'adinsa 1 ga Maris ne, ko an ci riba ko ba a ci ba. Hanya biyu ake lissafa shi. In aka bi yawan hannun jarin da aka ba kamfanin izinin fitarwa, mai hannun jari miliyan 10 zai ga takardar neman kusan dala 85,000. In aka bi ɗaya hanyar, mai duba ƙadarorin kamfanin, ƙaramin kamfani yana iya biyan abin da bai wuce dala 400 ba. Matasa da yawa sun kwana ba barci saboda takardar farko, alhali akawu ko lauya masani zai warware musu ita cikin rabin sa'a. Akwai kuma takardar shekara mai lamba 5472, wadda ake bukata daga kamfanin da baƙo ya mallaki kashi 25 cikin ɗari nasa ko fiye, in ya yi hulɗar kuɗi da masu shi ko da rassansa. Tarar rashin cika ta dala 25,000 ce. Sa'an nan Nijeriya tana da yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu da ƙasashe irin su Ingila da Faransa da Kanada da Sin da Afirka ta Kudu, amma ba ta da ita da Amurka.

A gida ma ba a tsira ba. Dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025, mai aiki daga Janairu 2026, tana ɗaukar kamfani a matsayin na Nijeriya in daga nan ake juya akalarsa, ko da a waje aka yi masa rajista. Dokar 2022 kuwa ta shardanta cewa kamfanin da ke son gatanta ya kasance mai rajista a Nijeriya, bai wuce shekara 10 da kafuwa ba, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku na hannun jarinsa yana hannun 'yan ƙasa da suka kafa shi. Lalle ne a tambayi lauya yadda mai da hannun jari ga uwar kamfani ta waje zai shafi wannan gata, tun kafin a sa hannu.

Idan kuɗin masu zuba jari ya taso daga uwar kamfani zuwa Nijeriya, wajibi ne bankin da ya karɓe shi ya ba da takardar shaidar shigo da jari, kuma ƙa'ida ita ce cikin sa'a 24. Da wannan takarda ne za a iya mai da riba ko uwar kuɗi waje ta hanyar banki. Wanda ya shigo da dala ta hannun 'yan canji don ya sami ɗan ƙari, ya toshe wa kansa da abokan jarinsa hanyar fita. Kazalika in an mai da mallakar manhaja ga uwar kamfani, na gida yana biyanta ladan amfani da ita, yarjejeniyar tana bukatar rajista a hukumar NOTAP kafin banki ya aika kuɗin.

Wurin ajiyar kuɗin ma abin dubawa ne. A ranar 10 ga Maris 2023 hukumomin Amurka suka rufe bankin Silicon Valley, inda kamfanonin fasaha da yawa, har da na Afirka, ke ajiya. Inshorar gwamnati dala 250,000 kaɗai ta lamunce wa kowane mai ajiya. Bayan kwana biyu gwamnati ta ɗauki nauyin biyan kowa duka. Sa'a ce aka taka, ba a kuwa gina kamfani a kan sa'a.

SUNA DA MALLAKA

Sunan kamfani da tambarinsa dukiya ne, amma rajistarsu ƙasa-ƙasa ake yi. A ƙasashe da yawa wanda ya riga yin rajista shi ne mai suna, ko da wani ne ya ƙirƙiro shi. Kamfanin Apple, duk da girmansa, sai da ya biya dala miliyan 60 a 2012 kafin ya mallaki sunan iPad a ƙasar Sin. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan: su hango kamfani mai tasowa a wata ƙasa, su yi wa sunansa rajista a tasu, su zauna jiran ya iso.

Maganin wannan yana cikin Yarjejeniyar Faris ta 1883, wadda Nijeriya ke ciki. Wanda ya shigar da takardar neman rajistar tambari a Nijeriya yana da wata 6 ya shigar a wata ƙasa mai yarjejeniyar, a lissafa masa daga ranar farko. Ga sabuwar ƙirƙira wa'adin wata 12 ne. Nijeriya ba ta cikin tsarin Madrid, wanda ke ba mutum damar neman rajista a ƙasashe da yawa da takarda guda, saboda haka sai an bi Gana da Kenya da Afirka ta Kudu ɗaya bayan ɗaya. Ta ɓangaren ƙasashe renon Faransa kuwa abin ya zo da sauƙi: rajista guda a ofishin OAPI da ke Yawunde ta game ƙasashe 17, har da Nijar da Cadi da Kamaru da Benin.

Ita kanta manhajar, ta wa ce? Tambayar kamar wasa, amma ta sha rushe ciniki. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wanda ya rubuta abu shi ne mai shi tun farko, sai in yarjejeniya ta ce ba haka ba, kuma mai da mallaka ga wani sai a rubuce. Saurayin da aka ba 'yan kuɗi ya rubuta manhajar a ɗakin kwanan ɗalibai, ba takarda ba shaida, yana iya bayyana bayan shekara biyar da hujja mai ƙarfi. Lauyoyin masu zuba jari wannan takarda suke fara nema.

BAYANAN JAMA'A

Duk kamfanin fasaha yana tara sunayen mutane da lambobin wayarsu da hotunansu da sirrin aljihunsu. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, tana bin kamfani har gida in yana tallata hajarsa ga mazauna Turai, ko da ba shi da ofis a can. Wannan ya shafi duk mai manhajar da 'yan Nijeriya mazauna Jamus ko Italiya ke aiko da kuɗi gida da ita. Tarar tana iya kai yuro miliyan 20, ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara a duniya duka, wanda ya fi yawa. A watan Mayu 2023 aka ci kamfanin Meta, mai Facebook, tarar yuro biliyan 1.2 saboda yadda yake kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka.

Ƙasashen Afirka ma sun farka. Gana ta yi tata dokar a 2012, Kenya a 2019, Nijeriya kuma a watan Yuni 2023. Dokar Nijeriya ta sa sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan 'yan ƙasa zuwa waje, ta kuma ba kamfani sa'a 72 ya sanar da hukuma in an yi masa kutsen da zai iya cutar da jama'a. Saboda haka mai kamfani ya san ƙasar da kwamfutocin da ke ajiye masa bayanai suke, domin aika bayanan mutumin Kano zuwa ma'ajiya a Turai fitarwa ce a idon doka.

IN RIGIMA TA TASHI

A ƙarshen kowace kwangila akwai wasu 'yan layuka da akan tsallake saboda gajiya: dokar wace ƙasa za a bi, kuma a ina za a raba gardama. Hukuncin kotun Nijeriya ba lalle ne wata ƙasa ta zartar da shi ba. Shi ya sa 'yan kasuwar duniya suka fi son alƙalan sulhu, watau masanan da ɓangarorin biyu suka yarda su yi musu hukunci a wajen kotu. Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda Nijeriya ta shiga a 1970 kuma ƙasashe fiye da 170 ke ciki, ta wajabta wa kotunan waɗannan ƙasashe zartar da irin wannan hukunci, sai bisa 'yan dalilai ƙalilan. Nijeriya ta sabunta tata dokar sulhu a 2023.

Ƙasar nan da kanta ta ga abin da waɗannan layuka ke iya jawowa. A 2010 aka ƙulla kwangilar sarrafa iskar gas a Kalaba da wani kamfani mai suna P&ID. Kwangilar ta ce dokar Nijeriya za a bi, amma ta ambaci Landan a matsayin wurin zaman sulhu. Da rigima ta tashi, Nijeriya ta ce kotunanta ne ke da ikon sa ido a kan sulhun, aka yanke cewa na Ingila ne. A 2017 alƙalan sulhu suka ce Nijeriya ta biya dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya yi ta hawa har jimlar ta haura biliyan 11. Sai a watan Oktoba 2023 babbar kotun Landan ta gano cewa da cin hanci da zamba aka samo hukuncin, aka rushe shi. Gwamnati ce, mai baitulmali da rundunar lauyoyi, ta yi shekaru tana wannan fama. Ga ƙaramin kamfani, yarda da sulhu a Landan a kan cinikin dala 30,000 daidai yake da yafe kuɗin, domin ladan lauyoyi da na alƙalan zai cinye su. A nemi wuri na kusa, Legas ko Kigali ko Abijan, gwargwadon girman cinikin.

Game da ma'aikata, sunan da aka ba mutum a takarda ba shi ne hujja ba. A watan Fabrairu 2021 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber ma'aikata ne masu haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu, duk da kamfanin yana kiransu masu zaman kansu. Game da na goro kuwa, dokar Amurka ta 1977 da ta Birtaniya ta 2010 suna hukunta kamfaninsu da ya ba jami'in wata ƙasa toshiya. Mai uwar kamfani a Delaware ya sani abin da wakilinsa ya miƙa a wani ofis a Afirka yana iya kai shi gaban alƙali a Amurka.

WANE LAUYA, KUMA YAUSHE

Lauyan da aka rantsar a Nijeriya, komai ƙwarewarsa, ba shi da izinin yin aikin lauya a Gana ko Nijar sai ƙasar ta ba shi. Lauya na ƙwarai shi da kansa zai faɗi haka, ya nemo abokin aiki a can, ya kuma auna shawarar da aka bayar da dokar gida don kada gyaran can ya zama ɓarna a nan. Kowace ƙasa tana da hukuma ko ƙungiyar da ke riƙe da sunayen lauyoyinta, sai a bincika a tabbatar, domin sojan gona ba su ƙare ba. A kuma nemi wanda ya taɓa yin irin wannan aiki. Gwanin shari'ar filaye ba lalle ne ya san lasisin biyan kuɗi ba.

Kukan da matasa ke yi shi ne tsada, kuma kukan yana da tushe. Amma ba dole ne a sayi komai rana ɗaya ba. Ana iya yin jinga a kan aiki guda: lauya ya rubuta, cikin 'yan shafuka, ko sana'ar tana bukatar lasisi, nawa ne jarin da ake nema, wane haraji ne, wata nawa za a ɗauka. A rubuta ladan a takarda tun farko, a kuma karɓi shawarar a rubuce da sa hannu, domin ta baka ba ta da amfani ranar da hukuma ta zo tambaya. Sau da yawa wannan 'yar takarda ita ce za ta nuna cewa gara a haɗa gwiwa da wani banki ko kamfani mai lasisi a can, ko ma a jinkirta tafiyar shekara guda. Lokacin neman ta kuwa shi ne kafin a karɓi kuɗin mutum na farko a ƙasar, kafin a ɗauki ma'aikaci, kafin a buga talla.

A tanadi lokaci domin takardu. Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 mai sauƙaƙa gaskata takardu tsakanin ƙasashe, saboda haka takardar rajistar kamfani ko ta wakilci sai ta bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sa'an nan ofishin jakadancin ƙasar da za a kai ta, wani lokaci har da fassarar tafinta mai rantsuwa.

In kuma kasuwar ba ta karɓa ba, fita ma tana da dokarta. Kulle ofis da kashe manhaja bai rufe kamfani ba. Sai an sallami ma'aikata da haƙƙoƙinsu bisa dokar ƙasar, an mayar wa jama'a kuɗin da ke asusunsu, an sami takardar wanke kai daga ofishin haraji, an mai da lasisi, an kuma soke rajista. Kamfanin da aka bari haka nan haraji da tara suna ci gaba da taruwa a kansa, kuma sunan daraktan yana nan a littafin hukuma har ranar da zai sake neman biza ko lasisi a wannan ƙasa.